Ɗanladi Baduku da Igiyar Hular Kwano

Wanda duk ya ci kasuwar Madarunfa cikin shekarun nan arba'in ya san rumfar Ɗanladi baduku, can gefen da masu amalanke ke kwance jakuna su ba su ruwa. Rumfar ba wata abar kallo ba ce. Itace huɗu ne da rufin kara, da buzu ɗaya da ya sha zama har gashin ya ƙare, sai guntun katakon da yake yanka fata a kai. Nan ubanshi ya zauna har Allah ya yi mashi rasuwa. Nan shi ma ya fara zama tun yana ɗan shekara tara, yana riƙe wa tsohon bakin fata in za a yanka.

Lakwal, wato boko, bai shiga ba, allo ma bai yi nisa ba, iyakar dai abin da zai yi salla da shi. Fata kuwa ya san ta kamar yunwar cikinshi. In ya murza ta da yatsu biyu zai gaya maka ko majemi ya yi gaggawa, ko akuyar ta yi fama da ƙazwa kafin a yanka ta. Yana ɗinka kube, da rigar laya, da wasakin jan ruwa, da ragama, da majayin da ke ratsa cikin jaki ya riƙe amalanke. Mutum ne marar surutu. Kana iya zama wurinshi daga hantsi har azahar, bayan gaisuwa ba za ka ƙara jin komai ba sai ƙarar zare yana bin huda.

Dukiya bai tara ba. Roba ta shigo ta cinye rabin sana'ar, guga ya koma na roba, takalmi ma haka. Abin da ya rage mashi suna ne. In mai amalanke zai sayar da kayan jakinshi, sai ka ji ya ce wa mai saye, "Duba da kyau, ɗinkin Ɗanladi ne," shi ke nan gardama ta ƙare. Ba a taɓa dawo mashi da aiki an ce ya kwance ba. Shi bai taɓa faɗin haka da bakinshi ba, amma ya sani, kuma da wannan sanin yake tashi kowace safiya.

Matarshi Delu ta daɗe da rasuwa. Ƴaƴanshi maza biyu sun yi arewa neman na kansu, sai dai murya a waya in salla ta zo. Wadda ta rage kusa ita ce autarshi Rahama, da ke aure cikin gari. Kowace azahar ita ke kawo mashi fura, da ƙafarta, ba ta aiko kowa. Ta zauna bakin buzu ta kwashe labarin unguwa kaf ta zuba mashi, wanda aka haifa, wanda ya yi faɗa da wa a bakin famfo. Shi kuwa yana ɗinki yana cewa "To," ko "Ikon Allah." Wannan zaman na rabin awa shi ne hirarshi ta yini.

Mijinta Sa'idu mutumin garin Sarkin Yamma ne, ɗan kabu-kabu, yana ɗaukar mutane da kaya a moto, wato babur, tsakanin Madarunfa da Maraɗi, wani lokaci har Ɗan Isa. Natsattsen yaro, ba ya gudun banza. Ɗanladi bai taɓa samun abin faɗa a kanshi ba.

Shekarar da aka matsa wa masu moto a kan hular kwano, duk ƴan tasha suka sayo. Hulunan da suka samu masu zobba biyu ne na ƙarfe a igiyar haɓa. Sai ka zura igiyar ta cikin zobban duka biyu, ka lanƙwaso ta ka dawo da ita ta cikin ɗaya, sannan ka ja. Ɗauri ne mai riƙo, amma yana cin lokaci, ga zafi, ga mutum yana cirewa yana sawa sau hamsin a yini. Wata Laraba da hantsi sai ga Inusa, shugaban ƴan kabu-kabu, ya faka motonshi gaban rumfa, Sa'idu na biye da shi, kowa da hula a hannu.

Inusa ya ce, "Baba Ɗanladi, kai da ka saba ɗaure jakuna, yau ga masu ƙafa biyu mun kawo kanmu."

Ɗanladi bai ɗago ba ya ce, "Waɗancan in an ce su tsaya suna tsayawa."

Inusa ya yi dariya, ya zazzage wata leda a kan buzu. Maɓallai ne baƙaƙe na roba, mace da namiji, in ka tura ɗaya cikin ɗaya sai ka ji ƙaras, in ka latsa gefe biyu ya buɗe nan take.

"Daga Maraɗi na sayo su. Zobban nan sun ishe mu. Kafin ka gama zurawa da zarewa, fasinja ya hau moton wani. So muke ka cire mana su ka sa wannan."

Ɗanladi ya ɗauki guda ya juya, ya ja da hannu biyu, ya sa haƙori ya ciza. Ya dubi surukinshi.

"Kai ma haka kake so?"

Sa'idu ya sunkuyar da kai. "In kun ga zai yi, Baba. In kun ce a bari, sai a bari."

"Ku dawo jibi."

Bai yarda da robar ba. Ya zura igiyar rijiya a kowane gefe na maɓallin, ya rataya a reshen bedi, ya ɗaura bidon ruwa, jarka guda cike, a ƙasa. Yini biyu bidon yana lilo, maɓalli bai buɗe ba, bai tsage ba. Ya ƙara dutse a kai, shiru. Sannan ya ce to, abin Nasara ya ci jarrabawa.

Ya fara da hular Sa'idu. Igiyar haɓa ba fata ba ce, saƙa ce ta zaren roba, mai kauri da santsi. Ya yanke zobban. Ya zura bakin igiyar cikin maɓalli ya ninko, sai ya ga ninkin ya yi tudu, zai riƙa gugar muƙamuƙin mutum. Ya ɗauko wuƙarshi ya fere bakin har ya yi fele-fele, yadda ake yi wa fata in ana son ninki ya kwanta. Ya sa basilla ya jera huda kusa da kusa, ya bi da zare mai kakin zuma, ya ja kowane ɗinki har sai da ya nutse. Sannan ya yanko jar fatar akuya, mai laushi, ya naɗe wurin ya rufe, ya yi mata ɗan ado a gefe. Haka ubanshi ya koya mashi, haka yake yi shekara hamsin.

Da Sa'idu ya sa a tasha, sai kowa ya ce shi ma irinta yake so. Cikin wata guda Ɗanladi ya yi hula ashirin da uku. Jar fatar nan a ƙarƙashin haɓa ta zama abin gane ɗan kabu-kabun Madarunfa ko a tsakiyar Maraɗi. Zobban ƙarfen da ya cire kuwa bai zubar ba, baduku ba ya zubar da ƙarfe. Ya sa su a ragamar jakuna. Tsohon abokinshi Dogo, mai amalanke daga Safo, ya sayi biyu, ya ce bai taɓa ganin zobe mai kyau irin wannan ba.

Yawancin yaran ba sa ma ɗaure hular. Suna rataya ta a hannun moto, sai sun hango jandarma su kifa a kai. Sa'idu ne kaɗai kullum za ka ji ƙaras kafin ya tada moto. Suna yi mashi tsiya, suna cewa tsoron Rahama yake ji. Ya ce a'a, aikin surukinshi ne, ba zai bar shi yana reto a banza ba.

Wata biyar bayan haka, damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo a bakin hanya. Sa'idu ya ɗauko kwandon kifin tabki da safe zai kai Maraɗi. Wani bijimi ya faso daga cikin gero. Ya kauce, tayar gaba ta kama yashi, moton ya yi gefe shi ya yi gefe. Waɗanda suka gani sun ce hular ta riga shi sauka. Can cikin gona aka tsinto ta. Kanshi ya bugi bakin kwalta.

Kwana sha tara ya yi a gidan likita a Maraɗi. Ya dawo da ranshi, yana tafiya, yana cin abinci in an ba shi a baki. Hannun dama ba ya riƙo. Magana sai ɗaya-ɗaya, ita ma a karkace. Wani lokaci ya gane ƴaƴanshi biyu, wani lokaci ya bi su da ido kamar na maƙwabta.

Inusa ne ya kawo wa Ɗanladi hular, cikin buhu, ya aje bakin rumfa.

"Ga ta nan, Baba. Kayan banza suke sayar mana, robar ce ta ɓalle. Ni ko kallonta ba na son yi. Ka cire fatarka in tana da amfani."

Sai bayan la'asar, da kasuwa ta watse, Ɗanladi ya buɗe buhun. Maɓallin yana nan a kulle, mace da namiji a haɗe, ko tsaga babu. Ya latsa, ya buɗe. Ya mayar, ya ji ƙaras. Yana reto ne a gefe ɗaya na hular. Ɗaya gefen kuwa igiyar ta ƙare da wani tsefaffen zare kamar gemun masara. Ya sa wuƙa ya farke jar fatar. Ɗinkinshi na nan daram, ko zare ɗaya bai tsinke ba, layi a miƙe gwanin kyau. Igiyar ce ta zare ta fice daga cikinshi.

Ya daɗe zaune da abin a cinya. Daga baya ya mayar cikin buhu ya tura ƙarƙashin tarin fatu.

Washegari ya yanki guntun igiyar ya tafi bayan tasha wurin Al'amin, mai keken da ke ɗinka tampol da igiyoyin ɗaure kayan manyan motoci. Sa'an ɗan Ɗanladi ne. Ya miƙa mashi guntun kamar mai tambayar banza.

"In mutum zai haɗa irin wannan da maɓalli, yaya kuke yi?"

Al'amin ya karɓa, ƙafarshi na kan keke. "Wannan ai mai sauƙi ce, Baba. Kana yankawa ka ƙona bakin da ashana, zaren ya narke ya kama juna. Ka ninka da tsawo, ka bi da siririyar allura sahu-sahu. Abin da ba ta so kawai a rage mata kauri, ko a huda ta da abu mai kaifi. Saƙa ce, duk zaren da ka yanke ya tafi ke nan, sauran su bi shi a hankali. Ko sabon shiga ya san wannan." Ya ɗago kai. "Wani ne ya ɓata maka aiki?"

"Tambaya dai nake."

Ya koma rumfa. Yini biyu ya rataya abin Nasara a bishiya yana jiran ya gaza, nashi ɗinkin kuwa ko da hannu bai ja ba.

Yanzu hula ashirin da biyu ke yawo a kan hanya da irin wannan ɗinkin, zufa na jiƙa su, zaren na zarewa ƙarƙashin fata inda ba mai gani. Kuma tun faɗuwar Sa'idu tsoro ya kama yaran, kowa ya fara ɗaurewa. In suka wuce ta gaban rumfa sai su danna oda su ɗaga hannu, jar fata a haɓa. Garin duka ya yarda robar ce. Shi kaɗai ya san abin da ke cikin buhu. In ya buɗe baki suna ya tafi, wannan ya san zai iya haɗiyewa ko da ƙyar. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne Rahama za ta ji.

Ba ta fasa kawo fura ba. Ta rame, labarin unguwa ya ƙare, sai labarin Sa'idu: yau ya riƙe cokali, yau ya kira sunanta, yau ya yi fitsari a tabarma ya yi ta kuka. Wata azahar ta aje ƙwarya ta ce:

"Baba, ni duk salla sai na kai ƙarar wanda ya yi robar nan. Ban san shi ba, ban san garinsu ba, amma Allah ya san shi. Ya zauna ya yi abin banza ya sayar, yana can yana cin tuwonshi."

Ɗanladi ya ce, "A riƙa sassautawa."

"Ba zan sassauta ba. Da ma hular duka ku kuka yi ta, da yanzu yana kan motonshi."

Furar ranar jakin Dogo ne ya sha ta.

Dogo ya lura. Tare suka yi ƙuruciya, shi bai bar al'adar kakanninshi ba, Ɗanladi na salla, wannan bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Ya zauna ya cika bakinshi da taba ya ce, "Tsoho, kwana shida ke nan kana huda wuri ɗaya sau biyu. Mene ne?"

Ɗanladi ya jawo buhun ya nuna mashi. Dogo ya duba, ya juya, ya tofar da yawu gefe.

"Wa ya gani?"

"Kai."

"To ya tsaya a kaina. Ka kira su ɗaya-ɗaya, ka ce fatar ta tsufa za ka sabunta masu kyauta. Ka gyara a ɓoye ka mayar. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji. Yarinyar nan kai kaɗai gare ta, kada ka ƙara mata."

Ɗanladi ya ga shawarar ta yi. Ya aika tasha da saƙon. Mutum uku suka zo. Sauran suka ce me ya samu fatar, ƙalau take, wa zai aje hula yini guda ana tare hanya? Ya bi wasu da kanshi. Wani ya ce, "Baba, aikinka ai sai dai mu bar wa jikoki." Wani ya ce gobe, goben ba ta zo ba. Sunan nan da ya tara shi ne ya hana su kawowa.

Rana ta tara ya ga wani ƙaramin cikinsu ya wuce da mace da goyo a baya, yana gudu zai riga hadari. Ya aje basilla. Ya ɗauki buhu ya nufi gidan Rahama, don ita ya kamata ta fara ji. Ya isa ƙofar gida, ya hango ta ta cikin zana, ta zaunar da Sa'idu a inuwa tana ba shi kunu, tana share mashi haɓa da bakin zane. Ya tsaya har ƙafarshi ta gaji. Bai yi sallama ba. Ya juya ya nufi tasha, don can ya fi sauƙi.

Suna zaune kan motocinsu ƙarƙashin bedi, wajen mutum goma sha biyar. Inusa ya hango shi.

"Yau baduku da kanshi? Ko jaki ya gudu a kai ka nema?"

"Ba ni hularka."

Inusa ya miƙa yana murmushi. Ɗanladi ya kulle maɓallin, ya aje hular ƙasa, ya taka gefenta da ƙafa, ya sa yatsu biyu cikin igiyar ya fizga. Tsoho ne mai shekara kusan saba'in, ba wani ƙarfi ya sa ba. Igiyar ta zare daga cikin jar fata ta biyo hannunshi.

Ya zazzage buhun, ya ɗaga hular Sa'idu yadda kowa zai gani.

"Robar ba ta ɓalle ba, ga ta nan a kulle. Ni na fere igiyar, ni na huda ta. Na yi mata aikin fata, ita kuwa ba fata ba ce. Duk wadda na taɓa haka take. Ku ba ni su."

Inusa ya ɗauki hularshi ya dubi tsefaffen zaren. Murmushin ya tafi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana tara."

"Kwana tara muna wuce ka muna ɗaga maka hannu."

"E."

Wani daga baya ya ce, "Da surukinshi ya fara gwaji." Wani ya ce a bari mana, tsoho ne. Wani ya cire tashi ya jefo, ta gangaro ta bugi ƙafar Ɗanladi. Ya sunkuya ya ɗauka ya sa cikin buhu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karɓa, ba wanda ya dubi fuskarshi.

Wurin Al'amin ya kai su. An sayo sababbin igiyoyi, Al'amin na taka keke, Ɗanladi na tsugune gefe yana riƙe mashi baki, yana ƙonawa da ashana inda aka nuna mashi. Mutane na wucewa suna kallo. Kwana huɗu suka yi. Da ukun farko, hula goma sha takwas aka gyara. Huɗu ba a same su ba: biyu an sayar da su tare da moto, ɗaya mai ita ya ƙetare iyaka, ɗaya an sace. Ya tambaya har Ɗan Isa, ba wanda ya san inda suka shiga.

Rahama a bakin famfo ta ji, tun ranar farko, daga bakin matar da ba su shiri. Kwana huɗun nan ba ta zo ba. Rana ta biyar ta zo da azahar, hannunta ba ƙwarya. Ba ta zauna bakin buzu ba, ta tsaya cikin rana.

"Baba, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Ranar da nake zaune nan ina kai ƙara wurin Allah, kun sani?"

"Na sani."

"Kuka bar ni ina yi."

Ya ce, "Na zo ƙofar gidanki. Na kasa shiga."

"Amma kun iya zuwa tasha." Muryarta ba ta ɗagu ba. "Ni ban ce da gangan kuka yi ba. Na san hannunku. Amma da ina da wanda nake tsinewa, ina da wanda nake zuwa wurinshi in huta. Yanzu an ce mini mutum ɗaya ne. Ina zan kai wannan?"



Ta ce, "Yayyen Sa'idu sun zo jiya. Sun ce za su mayar da shi Sarkin Yamma, can akwai masu kama mini. Na ce to."

"Ki bari in riƙa zuwa ina zama da shi, ki samu ki huta."

"Uwarshi ta ji labari, Baba. Kada ku zo."

Ranar Lahadi suka tashi. Amalanken Dogo aka ɗauka, shi ya kwashi gado da tukwane da yaran biyu. Hanyar ta bi ta gaban rumfa, ba wata. Ɗanladi ya miƙe tsaye. Rahama ta gaishe shi yadda ake gaida dattijon unguwa, ta ce a yafe juna, ya ce Allah ya yafe mana. Sa'idu na zaune kan katifa, an tokare shi da buhun gero. Da ya ga tsohon sai fuskarshi ta washe, ya yi ta ƙoƙarin zamowa ƙasa ya gaida suruki, yayanshi na riƙe shi. Bakinshi ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito.

"Ba... ba. Sannu... da aiki."

Yayan ya kau da kai. Dogo ya buga wa jaki kara, suka wuce.

Shekara uku ke nan. Ɗanladi na nan a rumfarshi, idon ya fara rauni amma hannun bai rawa. Masu amalanke da yawa sun koma wurin wani baduku a Safo, ba don majayin Ɗanladi ya taɓa tsinkewa ba, sai don an ce. Ƴan kabu-kabu sun daina danna oda, in ban da Inusa da ke tsayawa wani lokaci ya gaishe shi a taƙaice. Rahama tana aiko da gaisuwa ta bakin masu zuwa kasuwa, da salla kuma ta aiko da tuwo. Sarkin Yamma ba nisa, mai moto zai je ya dawo kafin azahar. An ce mashi ta sake haihuwa watanni kaɗan bayan tafiyarsu, cikin da ba ta kai ga gaya mashi ba. Namiji ne, yana gudu yanzu. Bai gan shi ba tukuna.